Sirrin Rumbunmu a Takardar Balangu

Shekarar da nake magana a kanta, nama ya fi hatsi araha. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa: ya zo a makare, ya ɗauke gero na tsakiyar fitar da kai. Makiyaya suka rasa ciyawa, suka shiga kora shanu kasuwa tun kafin su faɗi da kansu. Sai ka ga magidanci ya dawo daga kasuwar Bafarawa bakinsa na ƙyalli da maiƙo, alhali a gidansa an kwana biyu ba a ɗora tukunyar tuwo ba.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Tozai, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ni kaɗai ne a unguwarmu ke karanta Turanci ba tare da na bi layi da yatsa ba. Takardar asibiti, saƙon waya, rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari, duk wurina ake kawowa. Kuma ina da wata ɗabi'a: ban taɓa karanta takarda a zuci ba. Sai na gyara zama, na yi gyaran murya, na karanta da ƙarfi da Turancin tukuna don a san an kashe kuɗin makaranta, sannan in juya wa jama'a da Hausa.

Baba kuwa manomi ne, ba sarauta, ba dukiya. Abu ɗaya aka san shi da shi, rumbun iri. A bayan gidanmu akwai wani ƙaton rumbun laka, wanda mu muke kira ruhewa, ƙofarsa a sama, sai da tsani ake hawa. Duk kaka, kowane magidanci a unguwar zai zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau a gonarsa, ya ɗaure ɗan dami, ya sa masa alama, wani jan ƙyalle, wani tsinken fata, wani igiyar kaba mai ƙulli uku, ya kawo wa Baba. Baba ya jera su da toka da ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda ƙwari, ya liƙe bakin da laka, ya kifa hular ciyawa. Ba a sake buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Ba don ɓarayi ake wannan ba, don masu kayan ake yi. Mutumin da 'ya'yansa ke kukan yunwa zai daka irinsa ya yi kunu, ya ce gobe Allah ya kawo wani. Tun zamanin kakana gidanmu ke riƙe da wannan ajiya, kuma ba don mun fi kowa tsoron Allah ba. An dai san mutanen gidanmu da taurin kai, ko birgima ka yi a ƙasa ba za a ba ka kayanka ba sai lokaci ya yi.

Namu irin ba ya shiga ciki. Baba yana rataye shi a rufin ɗakin Inna, don kada wani ya ce yana da dalilin leƙa rumbun.

A tsakiyar ranin nan wata ƙungiyar agaji ta zo da farar mota, da samari masu riguna iri ɗaya da manyan wayoyi. Suka zauna ƙarƙashin durumin ƙofar maigari suna rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin abinci. Sunanka, matanka, 'ya'yanka, awakinka, lambar waya, hoto, dangwalen yatsa. Sai tambaya ta ƙarshe: dami nawa ya rage maka a rumbu? A wurinmu ba a yi wa namiji wannan tambayar. Matarsa ma ba ta leƙa masa rumbu, abin da ya ɗebo ya miƙa mata shi ta sani. Dattawa suka fara gunaguni, samarin suka rantse cewa sirri ne, babu mai gani sai kwamfuta. Da aka zo kan Baba ya ce babu. Gaskiya ya faɗa, hatsinmu na ci ya ƙare, abin da ke cikin laka kuma ba nasa ba ne. Ba shi da waya, sai aka sa lambata. Aka yi rabo biyu muka samu buhu-buhu, muka yi godiya, muka manta da zancen.

Baba yana da taubashi, ɗan kawunsa, wanda nake kira Baffa. Ɗan kasuwa ne, yana ɗauko dabino da taliya daga Nijar ya sauke a Sabon Birni da Isa, ya koma da abin da ya samu. Tun suna yara shi da Baba ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Wata ranar kasuwar Bafarawa, bayan la'asar, Baffa ya tsaya da babur a majalisar ƙofar masallaci, ya kwance ƙunshin balangu a tsakiyar tabarma. Baba ba ya nan, ya tafi neman harawa. Muka cinye nama tas. Sai Baffa ya ɗaga takardar da aka naɗo naman, duk ta jiƙe da maiƙo, ya ce:

"Malam, wagga hadda hoto gare ta. Karanta muna mu ji wa munka ci nama bisa kainai."

Na karɓa, na gyara zama, na yi gyaran murya. Yaji ya rufe sunan da fuskar, sai na fara daga ƙasa. Mata ɗaya. Awaki biyu. Rumbu ɗaya. Damin da ya rage, babu ko ɗaya. Har na ƙara da nawa, na ce wannan bawan Allah kam sai addu'a. Aka yi dariya. Na ci gaba da lambar waya, ina jan kowane adadi da Turanci, ina jin daɗin muryata. Ina kai ƙarshe Baffa ya ce:

"Kai, tsaya. Wagga ba lambakka ba ta?"

Na sa babban yatsa na share yajin. Ga Baba nan yana harara ta, da hularsa a karkace yadda ya saba.

Baffa ya fashe da dariya, ya buga cinya, ya ce, "Shi ke nan! Bawana ya cinye irin gari!" Wasan taubasantaka yake yi, irin wanda ya yi sau dubu. Sai dai wannan karon shi kaɗai ya yi dariyar. Duk wanda ke zaune a tabarmar nan yana da dami a rumbun Baba, kuma kowa ya ji da kunnensa, daga bakin ɗan Baba, da Turanci da Hausa, cewa rumbun ba komai ciki. Mutane suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zauna da takardar a hannu ina ta goge ta, kamar gogewar za ta canza rubutun.

Washegari da safe aka cika ƙofar gidanmu. Baba ya fito ya saurare su, ya yi musu bayani sau ɗaya: an tambaye shi nasa, ya faɗi nasa. Irin kowa yana nan. Suka ce to ya buɗe su gani, gani kawai. Baba ya dubi sama, wadda ko gajimare ɗaya babu, ya ce:

"Ruwa sun sauko?"

Aka ce a'a.

"To kowa ya tahi gida."

Na san abin da yake tsoro, kowa ma ya sani. Idan aka fasa lakar nan mutum ya ga daminsa da idonsa, a wannan yunwar, babu mai komawa gida hannu sake. Za a ce a ba ni rabi in mayar da rabi, kafin sati ya zagayo an shanye shi a kunu, ruwa ya zo a rasa abin zubawa a rami. Amma sanin dalili daban, yarda daban. Takarda ta ce babu, takardar kuma daga kwamfuta ta fito, kwamfuta kuwa a ƙauyenmu ta fi liman gaskiya.

Aka fara rage gaishe shi. A masallaci sai a bar ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa, liman ya yi ta cewa a daidaita sahu a banza. Mata suka daina aiko wa Inna aron turmi. Baffa ya bi gida-gida yana rantsuwa wasa yake yi, amma mutumin da ya shekara hamsin yana wasa, ranar da ya zo da gaske ba a gane ba. Abin da ya fi ci wa Baba rai shi ne ranar da Baffan da kansa ya same shi a zaure, ya rage murya ya ce:

"Tsakaninka da Allah, ba wasa ba, irin shina nan?"

Baba bai zage shi ba. Ban taɓa ganin sun rabu ba zagi ba sai ran nan, kuma abin ya tsorata ni.

Haushi ya ishe ni, na kaina da na mutanen motar, kuma na ga ya fi sauƙi in bi na mutanen motar. Na taɓa ji a rediyo cewa akwai doka: idan ka ba wata hukuma ko kamfani bayananka suka yi sake har suka fita, kana da ikon neman diyya. Na sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya na zayyana masa. Bai ɗago ba ya ce:

"Diyyam mi? Sun kashe mani wani?"

"Sun ɓata maka suna, Baba."

"Su sunka karanta ga jama'a?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya ce in bar zancen, ruwa za su zo. Na ce to, da gari ya waye na hau kabu-kabu zuwa Isa.

Ofishin nasu wani gidan haya ne mai janareto. Na tarar da wani jami'i mai tabarau, mutum mai ladabi har ya ba ni haushi, don na zo da faɗa a shirye ya tarbe ni da ruwan sanyi. Na shimfiɗa masa takardar a tebur, ƙamshin yaji ya cika ofishin. Ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce ai sun sani. Sun tashi daga wani gida ne zuwa wannan, maigadin tsohon gidan ya ga buhunan takardu ba mai nema, ya sayar wa mahauta. Ya ba ni haƙuri da Hausa, ya ƙara da Turanci. Sannan ya ce akwai hanyar kai ƙorafi, ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini fom.

Fom ɗin na neman sunana, sunan mahaifina, matansa, 'ya'yansa, lambar waya, hoto, dangwalen yatsa. Duk abin da ke takardar balangun, har da ƙari. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuma mai ƙosai za a kai wa ko mai tsire?" Ya yi dariya ta gaske, ya ce wannan kam a kwamfuta za a adana shi.

A ƙasan fom ɗin akwai wurin da aka ce mai ƙorafi ya bayyana cutarwar da aka yi masa. Layi huɗu suka bari. Na nemi ƙarin takarda, na cika shafi uku. Duk wani babban Turanci da na tara tun daga kwalejin horon malamai na juye shi a nan. Na bayyana cewa an mayar da mahaifina ɓarawo a idon jama'a saboda takarda ta ce rumbunsa wayam ne, alhali rumbun nan cike yake da hatsi har wuya. Na ja layi biyu a ƙarƙashin har wuya. Da na karanta wa mai tabarau, da ƙarfi mana, ni kaina sai da na ji tausayinmu.

Daga nan aka shiga yi da ni. Isa ta ce mai sa hannu yana Sabon Birni, Sabon Birni ta ce ya fita duba rijiyoyi, in dawo wani sati. A wannan zirga-zirgar na kamu da wata cuta: duk teburin mai nama da na wuce sai na sayi ɗan kaɗan don in ga takardar. Cikin wata ɗaya na san cikin rabin ƙasar Gobir. Na ga wani mai garke a Turba da ya ce akuyarsa ɗaya, ita ma gurguwa. Na ga wani alhaji da ya rage mace guda a lissafin matansa, ban san wacce ya yafe ba. Na ga wanda ya ƙara wa kansa 'ya'ya biyar da ko ungozoma ba ta san da su ba. A duk tarin nan mutumin da ya faɗi gaskiya tsantsa shi ne aka kama da ita.

Ran nan da hantsi sai ga farar mota a ƙofar gidanmu. Mai tabarau ya sauko da fayil, wani na biye da shi da babbar waya. Kafin su gama sallama unguwa ta taru. Ni har na sa babbar riga, na ɗauka diyya ce ta iso. Baba na jin ƙarar motar ya ɗauki tabarmarsa ya zagaya baya, ya shimfiɗa a gindin rumbun, ya jingina da shi.

Mai tabarau ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce, "Baba, matsala ce ƙarama. Takarda ta farko ta ce babu komai a rumbun nan. Takardar ɗanka ta ce cike yake har wuya. Ofis ba zai iya riƙe duka biyun ba. A buɗe mu ɗauki hoto ɗaya, mu rufe maganar."

Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya: a buɗe, a buɗe. Tunda nake ban taɓa ganin ƙauyenmu ya goyi bayan mai fayil ba sai ran nan. Baba ya juyo ya dube ni, daga hula har takalmi, da babbar rigata. A nan ya fara sanin na rubuta wani abu.

"Har wuya kac ce?"

Na ce, "Don su gane ne, Baba."

Ya mayar da kai ga mai tabarau. "Yaro, abin da nic ce maku gaskiya na. Abin da wanga yar rubuta shi ma gaskiya na. Ku da kunka iya rubutu ku san yadda za ku yi da su. Ni dai ba ni buɗewa sai ruwa sun sauko."

"Baba, minti biyar ne."

"Kai za ka tahi da motakka bayan minti biyar ɗin. Ni ka zama da su."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ɓarawo dai ba ya son a buɗe. Baba ya ji, kowa ya ji. Ya ciro goro daga aljihu ya ɓare, ya ci gaba da zamansa. Ni kuwa na ji kamar in haɗiye rigar nan.

Mai tabarau ya ja ni gefe kusa da motar. Ba mugu ba ne, fuskarsa ta nuna bai ji daɗi ba. Ya ce ƙa'idarsu ita ce, duk wanda bayanansa suka ci karo da juna, a dakatar da sunansa daga tallafi sai an tantance. Tantancewa kuma ita ce hoton da aka hana su. Na ce ai ni na rubuta, ba shi ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya so a ce na tsaya a layi huɗun nan.

Rabo na gaba aka kira sunan kowa a ƙofar maigari ban da Baba. Har waɗanda ke kiransa ɓarawo suka wuce ta ƙofar gidanmu da buhu a ka.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Albashina, in ya ga dama ya zo, tiya kaɗan yake saye. Awakin biyu suka tafi kasuwa. Inna ta koma tafasa da dusa, da dilo, 'ya'yan anzar nan da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacin ya sake su. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, da ya yi da na samu sauƙi. Suna kawai ya canza mini. Lauya, miƙo buta. Lauya, an kira salla. Ya rame har hularsa ta fara yi masa yawa, kuma kullum yana wuce rumbun nan cike da gero sau goma, ya je ya sha ruwan dilo.

Wata rana na dawo daga makaranta Inna ta miƙo mini kwanon kunu, kunun gero na gaske, mai kauri. Na shanye, na sa yatsa na lashe kwanon, na ce Inna yau kam an tuna da mu, wa ya kawo? Ta ci gaba da kankare tukunya. Na shiga ɗakinta ajiye kwanon, na ɗaga kai. Igiyar tana nan tana lilo a rufin, damin irinmu babu. Na tsaya a wurin na yi kuka, ƙato da ni, da alli a hannun riga. Na san sarai ba fari ne ya ci irin nan ba, shafi ukun nan nawa ne.

Ruwa ya makara har mutane suka gaji da duban gabas. Sai wata ranar Talata da la'asar iska ta juya, gari ya yi duhu, aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita Baba ya fita bayan gida, ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu. Laima ta kai masa wuyan hannu. Ya miƙe ya ce in nemo tsani.

Da safe ba wanda aka aika wa, amma kowa ya zo. Wasu da sungumi a kafaɗa, wasu kuwa, na rantse, kallon tonon asiri suka zo. Baba ba shi da ƙarfin hawa, ni na hau. Na ɗauke hular ciyawar, na sa gatari na fasa lakar. Warin toka da bedi ya bugo ni. Na zura hannu na ciro na farko na miƙa ƙasa. Baba bai kira sunan kowa ba, alama yake kira.

"Jan ƙyalle."

Mai jan ƙyalle ya matso, kansa a ƙasa, ya karɓa.

"Kaba mai ƙulli ukku. Tsinken hwata. Baƙin zare."

Mai baƙin zare shi ne wanda ya ce ɓarawo ba ya son a buɗe. Ya karɓi daminsa da hannu biyu, ya juya shi, ya sake juya shi, ko zangarniya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ya buɗe baki, Baba ya riga ya kira na gaba. Haka har na shiga cikin rumbun gaba ɗaya ina miƙowa daga ƙasa, har na share gindin da tafin hannu na leƙo na ce ya ƙare. Baba ya karkaɗe hannuwansa, ya fara naɗe tabarma.

Baffa na tsaye da nasa damin a hammata. Ya dubi Baba, ya dubi hannunsa, ya ce:

"Kai, ina naka?"

"Ai ɗana ya karanta maku tun rani," in ji Baba. "Babu."

Sai Baffa ya fizge tabarmar daga hannun Baba ya shimfiɗa ta, ya kwance daminsa, ya zaro zangarniya cike da hannu ya watsa a kai.

"Amshi, bawan banza. Kar a ce ubangidanka ya bar ka kana yawon roƙo."

"Wagga tsiyar gero ta Nijar za ka ba ni?" in ji Baba. "Ko kaza ta hi shi tsawo."

Zagi ne, amma ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ran nan ba. Mai jan ƙyalle ya kwance nasa ya zuba. Mai kaba ya zuba. Mai baƙin zare ya zuba har sai da Baffa ya ce ya isa, kai ma gona gare ka. Babu wanda ya ce Baba ya yi haƙuri, ko mutum ɗaya. Kowa ya zuba ya saɓi sungumi ya wuce gona, don laima ba ta jira.

Ana cikin noman farko kabu-kabu ya kawo mini ambulan daga Isa. Wasiƙa ce mai tambari. Ta ce ƙungiyar na matuƙar mutunta sirrin jama'a, tana baƙin cikin abin da ya faru, kuma an rufe ƙorafina saboda rashin hujja. Ina tsaye a ƙofar masallaci na buɗe ta, majalisa cike. Baffa ya ce Malam karanta muna. Na karanta abata a zuci, na ninke na sa aljihu. Daga baya Inna ta ƙunshe daddawa da ita.

Gonarmu ta wannan shekarar ita ce gona mafi muni da na taɓa gani. Iri ya fi goma a cakuɗe. Ga dogon geron nan zango ya fi mutum tsawo, ga na Baffa iya ƙugu, ga mai gashi, ga maiwar da wani ya zuba bisa kuskure ko rowa. Wani ya nuna, wani bai ko fitar da kai ba. Masu wucewa kan tsaya su yi dariya, Baba ya ce da su kowa ya shiga ya nemi nasa. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri, dogayen ba su cika ido ba, gajeren nan da Baba ya raina shi ya riga kowa nuna. Da yake shi kaɗai ya nuna a duk faɗin wurin, tsuntsayen ƙasar nan kaf suka gane hanyar gonarmu.

Wata safiya muna tsaye a bakin gonar ni da shi, ga su nan sun sauka baƙi ƙirin a kan gajeren geron. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya ɗauko wani tsohon gwangwani da sanda, ya danƙa mini.

"Lauya, ga diyyakka nan ta nuna. Shiga ka kore mata tsuntsaye."

Na tuɓe takalmi na shiga.